Abin da Na Ɗauko Daga Gidan Mista Kolin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu a nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ummanki tana gaishe ki. Na so in zo Kaduna mu yi sallama baki da baki, amma kin san halin hanyarmu, kin kuma san halin idona. A waya kuwa ba na iya doguwar magana, da na fara sai in ji kamar ana jirana in gama. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen, da su kaɗai nake iya ganin abin da na rubuta.

Tun da aka ji asibitin Birtaniya ya ɗauke ki aikin jinya, duk wanda ya shigo gidan nan da abin da yake faɗa. Wai Turawa ba su san zumunci ba, kowa kansa ya sani, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ina dai jin su. Cikin masu maganar babu wanda ya taɓa kwana a ƙasar. Ni na yi wata tara a can, tun kafin a haife ki, lokacin da ma'aikatar gandun daji ta tura ni kwas. Kin san na je, amma ban taɓa ba ki labarin yadda ya kamata ba, saboda ni ne mai laifi a kusan kowane gefensa. Yau zan ba ki.

Makarantar ta sama mini ɗaki a gidan wani dattijo mai suna Mista Kolin. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tak, Suzan, tana aure a wani gari mai nisa. Shi kaɗai yake zaune. Ranar da na sauka ya nuna mini ɗakina, ya nuna mini banɗaki, ya buɗe firij ya ce hawan sama nasa ne, na ƙasa nawa. Daga nan ya ce mini sai an jima, ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Bai tambaye ni iyayena ba, bai tambaye ni hanya ba. Na zauna a bakin gado da jakata ban kwance ba, ina tunanin a ƙauyenmu Kakangi ko ɗan kasuwa ne ya sauka sai an kawo masa ruwa da fura kafin a tambayi sunansa.

Kwana huɗu da zuwana na shiga kicin, sai na tarar da sabon kaskon suya a rataye, nesa da nasa. An manna masa 'yar takarda an rubuta "Na Abu", don haka yake kiran sunana. Ga sabon cokali, ga sabuwar wuƙa. Uwata, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato tsohon nan ƙyamar baƙar fata yake yi, ba ya so in taɓa abin da yake ci da shi. Ban tambaye shi ba. Na haɗiye, na ɗaure fuska. Wata biyu cur in ya gaishe ni sai in amsa a taƙaice in wuce. Har na rubuto wa Ummanki cewa Allah ya haɗa ni da mugun mutum.

Akwai wani ɗan Fakistan mai kanti a bakin layinmu, a wurinsa nake sayen nama. Wata rana muna hira na yi masa ƙorafin mai gidan nawa. Sai ya tsaya yana kallona.

"Dogon tsohon nan mai hular ulu?" in ji shi. "Ai kafin ka iso sau biyu yana zuwa nan da takarda da fensir. Ya ce Musulmi zai sauka a gidansa, in faɗa masa abin da ba ku ci. Da na ce naman alade, sai ya tambaya, to kaskon da aka soya shi a ciki fa? Na ce gara a raba. A nan ya sayi naka."

Na koma gida kaina a ƙasa. Na same shi a lambun bayan gida. Na ce, "Mista Kolin, me ya sa ba ka faɗa mini dalilin kaskon nan ba?"

Ya ce, "Addininka harkarka ce, Abu. Ban ga ya dace in sa ka yi mini bayani ba."

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na auna mutum da mudun garinmu, na yanke masa hukunci ban tambaya ba. Ki kiyaye wannan. Za ki ga mutane ba su tambayar ki me ya same ki, ba su leƙo ɗakinki, ba su cusa miki abinci. Kada ki yi saurin cewa ƙiyayya ce. Da yawansu a wurinsu mutunci ke nan, su bar ki da abinki har sai kin buɗe baki da kanki. Saboda haka in kina da buƙata ki faɗa a fili. Kada ki zauna kina jiran a gane daga fuskarki kamar yadda Ummanki take ganewa. Ba za a gane ba, kuma ba don ba a damu ba. Akwai masu ƙyamar da gaske, za ki haɗu da su, amma ki bari sai kin tabbata.

Daga ranar muka shaƙu. Yana da itacen tuffa guda da furannin da matarsa ta shuka da hannunta, yana kula da su kamar 'ya'ya. Ni kuma itace aikina ne. Ranar Asabar mukan yi aikin lambun tare, yana tambayata dajinmu, ina ba shi labarin maɗaci da ɗorawa da kaɗanya, da yadda a lokacin mukan ci karo da sawun giwa idan muka yi nisa. Ya ce yana so ya ga kuka da idonsa, don bai yarda akwai itace mai wannan kauri ba.

Saura wata biyu in gama, wata rana na dawo daga makaranta da la'asar na same shi kwance a ƙasan kicin. Tun hantsi ya faɗi, ya kasa tashi. Na ɗaga shi, na zaunar da shi, na haɗa masa shayi. Da ya dawo hayyacinsa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Gobe zan je in ga likitana. Amma kada ka faɗa wa Suzan." Ya je ɗin kuwa. Bayan mako biyu ya sake faɗuwa, wannan karon a lambu, goshinsa ya fashe. Ya sake cewa kada in faɗa.

Na kasa jurewa. A ganina wace irin 'ya ce za ta bar ubanta haka? Washegari ya fita sayen jarida, na buɗe littafin da yake ajiyewa kusa da waya, na nemo lambarta, na kira ta. Ban tsaya ga sanar da ita ba. Na yi mata faɗa sosai. Na ce a ƙasarmu ko kare ba a bari haka. Da na gama, sai na ji tana kuka.

Ta ce, "Shekara uku ina roƙonsa ya dawo kusa da ni. Duk Lahadi sai na kira shi, duk Lahadi sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce a gidan nan mahaifiyata ta rasu, a nan yake so shi ma ya ƙare. In ɗaure shi da igiya ne?"

Kwana biyu sai ga ta. Ta ga goshinsa, ta je ta ga likitan, aka yi ta magana ƙofa a rufe. Ƙarshenta ya amince ya koma gidan kula da tsofaffi a garinta, aka sa gidansa a kasuwa. Ranar da yake haɗa kaya na shiga in taya shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na san alheri ka nufa, Abu. Amma maganar tawa ce. Ni ya kamata in faɗa mata, ranar da na shirya. Da ka ce mini za ka kira ta, da na riga ka."

Na ƙarasa kwas ɗina a ɗakin kwanan ɗalibai. Na ziyarce shi sau ɗaya kafin in taho. Wurin tsaf, ana kula da shi, amma yana zaune ne a kujera yana kallon filin ajiye motoci ta taga. Bayan na dawo gida na rubuta masa sau biyu ya amsa. Ta uku Suzan ce ta amsa, ta ce ya rasu.

Har yau ban san ko kiran nan ya ƙara masa kwana ko ya rage masa jin daɗin sauran kwanakinsa ba. Allah ne masani. Abin da na tabbata shi ne na yi abu biyu marasa kyau: na bi ta bayan idonsa, kuma na zagi 'yar da ban san me take ɗauke da shi ba. Ke aikinki jinya ne, irin Mista Kolin za su cika miki hannu. Tsohuwa za ta ce ba ta son magani, tsoho zai ce kada a gaya wa 'ya'yansa. A nan mun saba dangi su taru su yanke wa mara lafiya shawara, shi yana kwance ana magana a kansa. A can mai jikin ake tambaya. Da farko zai yi miki nauyi. Ki bi ƙa'idar aikinki, in ta kama a sanar a sanar, amma ki dubi idon mutum ki faɗa masa abin da za ki yi kafin ki yi. Kuma in kin ga tsoho shi kaɗai babu mai zuwa duba shi, ki tausaya masa, kaɗaicin gaskiya ne, na gan shi da idona. Sai dai kada ki zagi 'ya'yansa a zuciyarki. Wataƙila shi ya zaɓi haka, su kuma suna can suna kuka.

Kuskurena na uku shi ne mafi muni, kuma a nan gida na yi shi.

Na dawo ina jin kaina. Aka ƙara mini girma a wurin aiki, na gina gidan nan, na sa ƙofar ƙarfe da ƙararrawa, abin da babu mai shi a unguwar a lokacin. Na kafa doka cewa daga azahar zuwa la'asar lokacin hutuna ne, kuma duk mai son ganina ya aiko da saƙo tukuna. Mutane suka sa mini Habu Bature, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Baffanki Sale, yayana, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya yi noma ni na yi boko. Al'adarsa ce duk shekara in ya haƙi doyar fari sai ya ɗauro mini a keke daga Kakangi, ya kwana biyu ya koma. A shekarar ya iso da rana tsaka, ya jiƙe da gumi. Ummanki ta shigo ta tashe ni ta ce Yaya ne ya zo. Ko tashi zaune ban yi ba. Na ce, "Ki ce ya jira la'asar. Ai na ce a riƙa aiko da saƙo kafin a zo." Ban san yana tsaye a gindin taga yana kwance doyar ba. Da na fito da la'asar, doya na jingine a bango, keke babu.

Ummanki ta ce in bi shi. Na ce me na yi? Tsari ne kawai. Daga ranar Yaya Sale bai ƙara wuce zauren gidan nan ba. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, doya ba ta fasa zuwa ba, amma aiko ta yake yi. Kusan shekara talatin muna haka. Na daɗe da cire ƙararrawar, dokar ma ta mutu da kanta, amma ban taɓa buɗe baki na ce Yaya ka yafe ni ba. Kullum ina cewa sai wata sallar.

Sauran kin gani da idonki, dalilin ne ba ki sani ba. Lokacin da 'yan bindiga suka tashi mutanen Kakangi, kina sabuwar fara aiki a asibitin garin nan. Da safe aka ce mini mutanenmu sun iso, suna makarantar firamare. Na yi mamaki, ga gidana da ɗakuna babu kowa. Na je. Na same shi a barandar wani aji, shi da matarsa Iya Ladi da surukai da jikoki, da 'yan ƙullin kayan da suka iya ɗaukowa. Ta cikin daji suka biyo da ƙafa. Kututture ya yanke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma, jini ya bushe a kai.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ku wuce gida ba?"

Ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Ai ba mu sami damar aiko maka da saƙo ba, Habu. Mutanen nan ba su ba mu lokaci ba."

Na durƙusa a gabansa, a gaban duk jama'ar da ke filin, da furfurata, ina kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa. Na ce ya yafe mini don Allah. Iya Ladi ce ta ce wa mijinta, "Malam, ka dubi jikokin nan." Sai ya miƙo mini hannu ya ce, "Tashi ka ɗaga ni, ƙafar ba ta taku."

Shekara huɗu ya yi a gidan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Su ne shekarun da na fi jin daɗi a rayuwata, duk da masifar da ta kawo su.

Na sha tambayar kaina yaya aka yi na zama haka. Ba Turawa suka koya mini ba. Mista Kolin yana rufe ƙofarsa, amma mutum ne da ya tafi kanti da fensir don baƙon da bai taɓa gani ba. Ni rufe ƙofar kawai na ɗauko, don ita ce ta yi daidai da girman kaina, na baro kulawar a can. Wannan nake ji miki tsoro fiye da sanyi, fiye da ƙyama. Za ki ɗanɗani daɗin zama babu mai sa miki ido, babu mai shigo miki ba sallama, babu mai cewa me ya sa kika yi kaza. Daɗi ne na gaske, ba zan ɓoye miki ba, kuma akwai abin koyi a ciki. Ki koyi faɗin a'a ba tare da ƙarya ba. Ki koyi barin mutane da sirrinsu. Amma ranar da kika ji kiran wayar ɗan'uwa ya fara zame miki damuwa, ki tsaya ki binciki zuciyarki. In kuma kin saɓa wa wani, ki nemi gafara a makon nan. Ni na jira sallah talatin.

Saura magana ɗaya. Jiya Ummanki ta faɗa mini kin kira ta kina kuka, wai gwaggwanninki sun ce son kai ne ki tafi ki bar uba yana makancewa, har kina tunanin fasawa. Ki saurare ni da kyau.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana kin gama wanke wa Baffanki ƙafa kin fita da kwanon ruwan, ya bi ki da kallo. Ya ce mini, "Habu, hannun yarinyar nan ba namu ne mu kaɗai ba. Duk ranar da ta ce za ta yi nisa, kada ka tsaya mata a hanya." Na ce to. Ban faɗa miki ba sai yau, don ban so ranar ta zo. Ga ta ta zo, kuma ba zan saɓa masa sau biyu ba.

Tafiya ko zama, ke da maigidanki za ku yanke, ba ni ba, ba gwaggwanninki ba. Amma in saboda ni ne za ki fasa, ban yarda ba. Ba ni kaɗai ba ne. 'Ya'yan Baffanki suna nan, su ke noma gonata ta bakin rafi, su ke kai ni masallaci. Gidan nan cike yake, wani lokaci har sai na roƙi a rage hayaniya. Kin yi mini abin da 'ya take yi wa uba har kin wuce. Na yafe miki duniya da lahira, na sa wa tafiyarki albarka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki riƙa kira ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin kowa yana gida. Kada ki tsaya a kaina da Ummanki. Ki ce a miƙa wa Iya Ladi. Ba za ta taɓa cewa a ba ta wayar ba, kin san ta da kawaici. Amma duk ranar da kika kira, sai ta jawo tabarmarta kusa ta zauna tana tsinkar zogale, tana saurare.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya tsare miki imaninki da mutuncinki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki gane su in kin haɗu da su. Allah ya sa waraka a hannunki. Allah ya zaunar da dajinmu da hanyoyinmu lafiya, ya sa in kin tashi zuwa ki shigo garinku ba da fargaba ba. In muna da rabon sake ganawa, Allah ya nuna mana. In babu, ki yi mini addu'a, ki haɗa da Baffanki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Habu